Numfashin mai shanyewar jiki: me ake dubawa kafin na'urar yatsa ta yi ƙara?

Malam Garba, jami'in lafiya:
Assalamu alaikum, manyanmu. Akwai abin da nake so a warware mana, mu da ke ƙananan asibitoci. Idan aka kawo mutum ƙafafunsa sun saki cikin kwana uku ko huɗu, hannuwa sun fara bi, amma yana magana, ƙirjinsa babu wani ƙara, na'urar yatsa mai auna oksijin a jini tana nuna 97, da me za a gane numfashinsa na gab da yankewa? Kayan aikin ba su wuce abin sauraren ƙirji, agogo, na'urar yatsa da tukunyar oksijin ɗaya ba. Su kuma 'yan uwa sukan ce a bari a ga yadda zai kwana, saboda kuɗin mota.

Dakta Sani, likitan jijiyoyi:
Wa alaikumus salam, Malam Garba. Fara da cire ranka daga 97 ɗin nan. Huhun wannan mutumin lafiyarsa ƙalau, ba a nan gizo ke saƙar ba. Ka ɗauki huhu kamar fatar zugazugin maƙeri. Fatar ba ta huje ba, hannun da ke zuga ne ya gaji. Shi ya sa ba za ka ji ƙugi irin na asma ba, ba za ka ji ruwa irin na nimoniya ba.

Tsokokin da ke wannan aiki kashi huɗu ne. Akwai dayafiram, shamakin da ke tsakanin ƙirji da ciki, wanda shi ke ɗaukar mafi yawan aikin jawo iska, jijiyarsa kuma daga lakar wuya take fitowa, gaɓa ta 3 zuwa ta 5. Akwai tsokar tsakanin haƙarƙari da ta wuya masu taya shi. Akwai tsokar ciki, ita ke ba tari ƙarfi. Sai tsokar maƙogwaro da ganɗa da harshe, masu tsare hanyar iska kada yawu ko abinci ya faɗa. Kowanne da yadda yake nuna gazawarsa.

Abin da ka siffanta ya fi kama da ciwon Guillain-Barré, wanda muke taƙaitawa GBS. Kusan mutum 1 cikin 4 na waɗanda aka kwantar da shi sai sun buƙaci injin numfashi, kuma ciwon yana ci gaba da hawa har mako 2, wani lokaci har 4. Wanda ya kasa tafiya cikin mako ɗaya da fara ciwon, ko fuskarsa ta saki, ko haɗiya ta fara yi masa wuya, shi ne mafi haɗari.

Ga abin da za ka yi a bakin gado. Kwantar da shi rigingine, ka ɗora tafin hannunka a goshinsa, ka ce ya ɗago kai ya ture hannun. Mai lafiya ba za ka iya danne shi cikin sauƙi ba. Idan kan ya koma kan matashi da yatsu biyu, dayafiram ɗinsa ma haka yake, domin jijiyoyinsu maƙwabta ne. Yana kwancen nan, ɗage rigar ka kalli cikinsa. Idan ya ja iska ya kamata ciki ya taso. Idan ƙirji ya taso ciki kuma ya loma, shamakin ya mutu, ƙirji ne ke tsotso shi sama. Wanda ya ce maka shi ba zai iya kwanciya rigingine ba sam, ya riga ya ba ka amsa, kada ka tilasta masa. Sai ka ce ya yi tari da ƙarfi. Tarin da ya fito kamar huci, babu wannan fashewar ta farko, tsokar ciki ta tafi.

Sauran kuwa ido ne da agogo: numfashi ƙanana da sauri, ya haura 30 a minti, bugun zuciya ya wuce 100 ba zazzaɓi, gumi ya tsatso a goshi alhali ba zafi ake ba, tsokar gefen wuya tana tasowa a kowane jan iska, magana tana yankewa bayan kalma uku ko huɗu.

Sista Balaraba, ma'aikaciyar jinya a sashen kulawa ta musamman:
Dakta, bari in ƙara ƙirgen numfashi ɗaya. A zaunar da shi, ya ja iska iyakar ƙarfinsa, sannan ya fara ƙirga da murya, lamba biyu a daƙiƙa, har iskar ta ƙare. Baligi mai lafiya yakan kai 30 zuwa 40, wani ya wuce. Ƙasa da 20 abin tsoro ne. Ƙasa da 10 kuwa, iskar da yake iya fitarwa ba ta fi lita 1 ba, wannan na injin ne.

Amma amfanin abin yana cikin maimaitawa. A yi sau biyu, a rubuta mafi yawa tare da lokaci, a sake bayan awa 4, in yana sauka a mayar da shi kowace awa 2. Wanda ya kai 28 da hantsi, 22 da la'asar, 17 da isha, ya fi wanda ya tsaya a 18 tun jiya haɗari. Kuma dare shi ne lokacin da suke faɗuwa, don haka awon ƙarfe 2 na dare ba a tsallake shi don mara lafiya yana barci.

Malam Iliyasu, likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi:
Sista, da gyara a nan. Waɗannan lambobin 20 da 10 da harsunan Turawa aka auna su. Da Hausa, daga goma ka shiga "goma sha ɗaya", daga ashirin ka shiga "ashirin da ɗaya", kowace lamba ta zama gaɓa biyar ko shida. Dattijo mai lafiya sarai yana iya tsayawa a ashirin da biyu, a ɗauka ya raunana. Wani kuma ya yi "sha ɗaya, sha biyu" da gudu yana haɗiye rabin kalmar, ya kai talatin, a ɗauka lafiya lau.

Mafita ita ce ya ƙirga ɗaya zuwa goma, ya koma ɗaya, mai awo yana lanƙwasa yatsa a kowane zagaye, yana buga gefen gado don saita sauri. Zagaye biyu ashirin ke nan. Kuma duk wanda ya karɓi aiki ya yi da irin salon da aka fara, a rubuta salon a saman takardar.

Sista Balaraba:
Na karɓa, Malam. Wannan gyara ne mai kyau.

Dakta Umar, likitan sa barci:
Ga inda ake da na'urar auna iskar huhu, akwai ƙa'idar 20, 30, 40. Jimillar iskar da mutum zai iya fitarwa bayan ya cika ƙirji, idan ta gaza mililita 20 a kowane kilo na nauyinsa. Ƙarfin zuƙo iska idan bai kai 30 ba a ma'aunin santimitar ruwa. Ƙarfin hura ta waje idan bai kai 40 ba. Ko ɗaya aka samu, a kai shi inda injin yake. Mu ɗauki mai kilo 60. Da lafiyarsa yana fitar da wajen lita 4. Idan ya sauko lita 1.2 ya taka layin farko. A mililita 900, wato 15 a kilo, ana sa masa bututun numfashi ta maƙogwaro ba tare da jiran komai ba. Haka ma idan ya zubar da kashi 30 cikin 100 na abin da aka auna lokacin kwantar da shi.

Kuskure biyu ake yi. Na farko, mai sakakkiyar fuska ba ya iya damƙe bakin na'urar da leɓe, iska ta zurare ta gefe, lamba ta fito ƙasa da gaskiya. A haɗa na'urar da marufin fuska a danne. Na biyu ya fi muni, wato jiran gwajin iskar jini. Mutum zai yi ta ƙananan numfashi da sauri yana riƙe iskar kabon, wato gurɓatacciyar iskar da huhu ke fitarwa, a daidai har ƙarfinsa ya ƙare. Ranar da ka ga kabon ya haura 45 a mai GBS, ka makara. Sa bututu da rana, cikin natsuwa, da kayan aiki a jere, ya bambanta da sa shi tsakar dare bayan ya shaƙi amai. Ga 'yan uwana masu sa barci kuma: kada a yi amfani da saksametoniyam, allurar sakin tsoka, a mai irin wannan shanyewa, yana iya ɗaga fotashiyam ɗin jini ya tsayar da zuciya. Jinin masu GBS ma yana hawa da sauka ba tsari, a tanadi ruwa a jijiya kafin a fara.

Malam Garba:
Allah ya ƙara ilimi. To oksijin fa, ranku ya daɗe? Abin da hannu ke fara kaiwa ke nan idan an ga mutum yana haki.

Sista Balaraba:
Ni dai ina ganin a bar tukunyar nan a rufe. Matsalarsa iska ba ta shiga ba ta fita ne, kabon yana taruwa. Idan ka sa masa lita 2 ko 3 ta hanci, na'urar yatsa za ta zauna a 98 yayin da kabon ke ninkawa. Sai ya yi shiru, ya daina gumi, ya fara gyangyaɗi, 'yan uwa su ce alhamdu lillahi ya samu barci. Wannan barcin suma ce ke tafe. Ka kashe ƙararrawa ɗaya tilo da kake da ita.

Dakta Umar:
Sista, rabin maganarki na yarda da shi, amma ban yarda a ce a rufe tukunya ba. Mutumin da ya faɗo 85 a kan hanya, ƙwaƙwalwarsa ba za ta jira a iso birni ba. Abin da ba a so shi ne oksijin shi kaɗai, a sa a juya baya. Idan yana 95 zuwa sama da iskar ɗaki, ba ya buƙata, kada a sa. Idan ya sauka, a fara da zaunar da shi, a zuƙe majina, a taya shi tari. In bai ɗago ba a sa kaɗan, gwargwadon abin da zai kai shi 92 zuwa 94, mutum yana tsaye a kansa yana kiran sunansa kowane 'yan mintuna. Da zarar ya fara gyangyaɗi, a haɗa oksijin ɗin da jakar Ambu, jakar robar da ake matsawa da hannu ta tura iska huhu, a rinƙa matsa masa. Wanda kuma dama ya daɗe da taruwar kabon, irin wanda ya yi shekaru da ciwon, 88 zuwa 92 ya ishe shi.

Sista Balaraba:
Da sharaɗin mutum yana tsaye a kansa, ba mu saɓa ba, Dakta. Damuwata ɗakin da ma'aikaci ɗaya ke kula da gado goma sha biyar da dare.

Dakta Sani:
Shi ya sa irin wannan ɗakin ba wurin kwanansa ba ne. Malam Garba, ka faɗa wa 'yan uwa a fili: ciwon nan yawanci ana tashi daga gare shi, waɗanda suka kwanta a kan inji ma da yawansu suna komawa su yi tafiya da ƙafafunsu, abin da ke kashewa shi ne numfashi ya tsaya a inda babu inji. A buga waya tukuna a tabbatar akwai gado da inji a inda za a je. A ɗaga kansa digiri 30 zuwa 45 a mota. Kada a ba shi komai ta baki, ko ruwan rubutu ne, idan muryarsa ta koma ta hanci ko yana ƙwarewa da yawunsa. Kada a yi masa allurar dayazifam don ya natsu, rashin natsuwar ƙoƙarin numfashi ne. Magungunan sitiroyid ba sa warkar da GBS, kada a ɓata kwana a kansu. In kuma yaro ne ɗan ƙasa da shekara 15, dole a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka, a ɗauki bahaya sau biyu da tazarar awa 24 cikin kwana 14. Tun 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, amma wannan ƙa'idar tana nan.

Dakta Hadiza, likitar yara:
Tun da an taɓo yara. Bayan ɓarkewar mashaƙo da ta fi tsanani a Kano a 2023, ya kamata kowa ya riƙe wannan: gubar ƙwayar tana bin jijiyoyi bayan maƙogwaro ya warke. Wajen mako na 2 zuwa na 3 ganɗa take saki, yaro ya koma magana ta hanci, ya sha koko ya fito ta hanci. Dayafiram kuwa yakan biyo baya tsakanin mako na 5 da na 7, lokacin an sallame shi, iyaye sun saki jiki. Duk yaron da aka kawo da sanyin jiki, a tambayi uwar ko ya yi ciwon maƙogwaro da kumburin wuya wata ɗaya ko biyu da suka wuce. A saurari zuciyarsa ma, gubar ba ta barin ta.

Sannan alamar cikin da Dakta Sani ya faɗa tana juyewa a jarirai masu ciwon lalacewar jijiyoyin laka na gado, SMA. Su dayafiram ɗinsu yana da sauran ƙarfi, tsokar haƙarƙari ce ta mutu. Sai ka ga ciki yana tasowa sosai, ƙirji yana lomawa, har ƙirjin ya tsuke daga sama ya buɗe daga ƙasa kamar ƙararrawa. Kukansa siriri, yana gumi a kan nono, yana sakin mama bayan 'yan zuƙa, harshe yana rawa, amma idonsa tar yana bin ka da kallo.

Malam Garba:
Waɗanda suka sha fiya-fiya fa? Suna cikin wannan sahu?

Dakta Umar:
Suna ciki. Bayan an shawo kan kumfar baki da atirofin, mutum ya farfaɗo yana magana, sai tsakanin awa 24 zuwa 96 wuya ya saki, kafaɗu su bi, numfashi ya tafi. Ƙarin atirofin ba ya gyara wannan, inji ne kawai. Saboda haka a rinƙa yi musu gwajin ɗago kai har kwana huɗu kafin a yi maganar sallama.

Dakta Sani:
Mayasteniya kuma tarkonta magani ne. Ita ce ciwon da fatar ido ke faɗuwa da yamma, abu ɗaya ya zama biyu, muƙamuƙi ya gaji a tsakiyar tauna. Ƙarfinsu yana hawa da sauka cikin yini, don haka awon safe mai kyau ba ya wanke dare. Abin da ke jefa su cikin shaƙewa yawanci zazzaɓi ne ko ciwon ƙirji, sai a ɗora musu maganin da ke ƙara toshe mahaɗar jijiya da tsoka: jentamisin, sifrofuloksasin, azitromaisin, kwinin, kulorokwin, furofanolol. Mafi haɗari a wurinmu magnesiyam salfet ne, wanda ake yi wa mai jijjigar ciki. Mace mai ciki da fatar idonta ke faɗuwa, a yi tambaya kafin a zuƙi allurar. Fara firednisolon da yawa lokaci ɗaya ma yana iya ƙara raunin cikin mako ɗaya zuwa biyu na farko.

Malam Iliyasu:
Duk wannan na gaggawa ne. Masu ciwon da ke tafiya a hankali, irin su Duchenne, ciwon lalacewar tsoka na gado a yara maza, ciwon mutuwar jijiyoyin motsi wato ALS, da manyan da shan inna ta karkata musu ƙashin baya tun suna yara, ba sa haki saboda ba sa tafiyar da za ta sa su haki. Da dare abin ke farawa. A barcin mafarki duk tsokokin da ke taya numfashi suna saki, a bar dayafiram shi kaɗai, shi kuma ya raunana. Sai a tambaya: yana tashi da ciwon kai da asuba wanda ke washewa da hantsi? Yana firgita cikin dare, yana yawan mugun mafarki? Matashi nawa yake tarawa, ko ya koma kwana a kujera? Yana gyangyaɗi a tsakiyar hira? Ya rage cin abinci saboda ciki in ya cika numfashi na yi masa nauyi? Tambayar da ta fi fito da gaskiya ita ce ta salla. Ruku'u da sujada suna tura kayan ciki kan shamaki, sai ka ji ya ce ya daɗe da komawa salla a zaune ba don ƙafa ba. Ayar da da yake kaiwa ƙarshenta da numfashi ɗaya, yanzu sai ya yanka ta biyu.

Da na'ura, a auna shi a zaune, a sake a kwance. Mai lafiya ba ya zubar da fiye da kashi 10 cikin 100. Wanda ya zubar da 25 zuwa sama, dayafiram ne. Ƙarfin tari kuma ana auna shi da ƙaramar na'urar busawa ta masu asma, a haɗa ta da marufin fuska ya yi tari a ciki. Ƙasa da lita 270 a minti, mura kaɗai na iya kwantar da shi. Ƙasa da 160, tarin ba ya fitar da komai. Yaro mai Duchenne da ya koma keke, a rinƙa wannan awon duk wata shida.

Dakta Hadiza:
Kuma akwai lambar da ke zaune a takardar gwajin ƙoda ba a kallonta: baikabonet. Idan ya wuce 27 a irin waɗannan, ba amai yake ba, ba ya shan maganin sa fitsari, ƙoda ce ke rama kabon ɗin da ke taruwa da dare.

Dakta Sani:
Maganinsu injin marufin fuska ne na dare mai matsi biyu, BiPAP, mai tura iska da ƙarfi lokacin ja, ya sassauta lokacin fitarwa. A kula, CPAP na masu minshari matsi ɗaya ne, buɗe maƙogwaro kawai yake, ba ya zuga wa kowa huhu, mai rauni ma wahalar fitar da iska yake ƙara masa. Gwajin da aka yi a Ingila aka buga a 2006 ya nuna masu ALS da maƙogwaronsu ke da ƙarfi sun ƙaru da kwana 205 a matsakaici, barcinsu ya gyaru. Wanda zai saya ya lissafa da batir ko sola da zai riƙe awa 8, domin wutar da za ta ɗauke ƙarfe 3 na dare lokacin barcin mafarki take ɗaukewa. Mai GBS da ke gangarowa kuwa ba a jinkirta bututu da wannan inji.

Malam Iliyasu:
Taya tari ko a gida ana koya wa mai jinya. A zaunar da shi a jingine. Ka ɗora tafukanka biyu ƙasan haƙarƙari, saman cibiya. Ya ja iska ya riƙe, ka ƙirga uku, daidai lokacin da ya saki tarin ka tura ciki da sama, turawa ɗaya mai ƙarfi. In ka riga shi ko ka makara, ciwo kawai ka ji masa. Ba a yi sai an yi awa ɗaya da rabi da cin abinci, ba a yi wa mai ciki ko wanda aka yi wa aikin ciki kwanan nan. In iskar da yake ja ba ta da yawa, a fara tara masa ita da jakar Ambu: matsa ɗaya ya riƙe, matsa ta biyu a kai, har uku zuwa biyar, ƙirji ya cika, sannan tari. Maganin kwantar da tari, musamman mai kodin, ba nasu ba ne ko kaɗan. Su na'urar yatsa tana yi musu amfani a nan: da mura, in ta sauka ƙasa da 95 da iskar ɗaki, majina ce ta toshe, a taya tari har ta koma.

Malam Garba:
Tambaya ta ƙarshe. A mota, mutum ɗaya zai iya riƙe marufi yana matsa jaka har awa biyu?

Sista Balaraba:
Ba zai iya ba, Malam, hannu yana gajiya kafin minti ashirin, iska ta fara zurara ta gefen kumatu. Mutum biyu ake so. Ma'aikaci ya riƙe marufin da hannu biyu yana ɗago muƙamuƙi, ɗan uwa ya matsa jakar, a nuna masa kafin a tashi: matsa ɗaya kowace daƙiƙa 5 zuwa 6, a daidai lokacin da mara lafiya ke ƙoƙarin ja, rabin jaka ya isa, ido a kan ƙirji a ga ya taso. Matsawa da ƙarfi iska take cusawa cikin tumbi, ciki ya kumbura ya danne shamakin, amai ya biyo. Mai gemu, a shafa man jeli a gemun ko a naɗa masa faffadan filasta kafin a ɗora marufi. Mai haƙoran roba kuma a bar masa su a baki, in an cire kumatu suke lomawa marufin ya ƙi zama.